Jan Hannun Malama Saratu

A Gyaɗi-Gyaɗi, in ka bar babban titi ka bi layin da ke bayan masu gyaran adaidaita sahu, akwai wani gida mai shuɗiyar ƙofa, bishiyar lalle ta leƙo ta saman katangarsa. Ba sai ka riƙe sunan kowa ba. Ka ce gidan Malama mai jan hannu kake nema, mai shago zai nuna maka, mai tura kurar ruwa ma zai nuna maka. Yawancinsu ba su san mafarin sunan ba. Sun dai taso sun ga tsohuwa hannunta na dama jajir har wuyan hannu, na hagu kuwa fes, kamar bai taɓa ganin lalle ba.

Sunanta Saratu. Yanzu tana bakin saba'in. Mahaifinta, Malam Isyaku, magini ne da ya zo daga wajen Rano da matarsa da 'ya'ya mata biyu, tun Gyaɗi-Gyaɗi tana da gonaki a tsakanin gidaje, tun mutum zai tsaya a ƙofar gidansa ya hango wanda ya taho daga Tarauni. Matar ba ta daɗe ba ta rasu. Yayarsa, Gwaggo Hadiza, ita ta dawo gidan ta riƙe yaran, Saratu da ƙanwarta Ladi.

Yadda aka yi Saratu ta shiga boko ba wani shiri ba ne. Malam Isyaku ne ya yi aikin ginin ajujuwa biyu a wata firamare, yana zuwa da ita don ba mai kula da ita a gida lokacin, Gwaggo ba ta dawo ba tukuna, ta riƙa raɓewa a taga tana bin karatu da baki. Da aka gama ginin ita ba ta gama ba. Daga firamare ta wuce kwalejin horon malamai mata, ta fito da takardarta a shekarar 1977, aka tura ta wata firamare a Tarauni inda aka ware ɓangaren 'yan mata.

Ranar da takardar ɗaukar aikin ta zo, Malam Isyaku ya daɗe yana juya ta a hannu. Ba ya karanta boko. Ya sa ta karanta masa sau biyu, sannan ya ce, "Na ji. Ki je. Amma ki riƙe wannan, Saratu. Ranar da takardar laifi ta shigo gidan nan, ko wani dattijo ya yi mini sallama ya ce an ce, to ranar kin ajiye alli. Ba zan yi musu da kowa a kanki ba."

Ba mutum ne mai maimaita magana ba. Ita ma ba ta nemi ya maimaita ba.

Shugabar ɓangaren 'yan mata a makarantar ana kiranta Malama Kulu. Doguwa ce siririya, mijinta ya rasu tun tana da ƙuruciya, ba ta sake aure ba. Ba ta da tsawa. In ta shigo aji ba ta cewa a yi shiru, sai dai ka ji shirun ya riga ta shiga. A bayan ƙofar ofishinta akwai wani kwali da aka buga da ƙusa, an rubuta dokokin malamai mata a jiki da tawada baƙa. Duk sabuwar malama sai ta tsaya ta karanta su a bayyane kafin a nuna mata ajinta.

Malama ba ta cin goro. Ba ta sayen abin ci a bakin titi, ko gyaɗa ce, balle ta ci tana tafe. Ba ta hawa bayan keken namiji ko babur, ko da yayanta ne ciki ɗaya, domin mai kallo bai san yayanta ba ne. Ba ta tsayawa magana da malami namiji sai a ofis, ƙofa a buɗe. Ɗankwali ya rufe kunne. Ba jan baki, ba warwaro mai ƙara, ba takalmi mai tsini. Dariyarta kada ta kai aji na gaba. In aure za ta yi, ta jira hutu. Na ƙarshe a ƙasan kwalin shi ne: ba lalle a hannun malama sai an yi hutu, kuma ya goge kafin a dawo.

Da Saratu ta kai ƙarshe, Malama Kulu ta ce, "Kin ga sun yi yawa?"

"A'a, Malama."

"Sun yi yawa. Ni na rubuta su, na san sun yi yawa." Ta nuna taga, inda 'yan mata suke shara. "Waɗancan da kike gani, gida gida na bi na roƙo su. Kowane uba da sharaɗinsa ya ba ni. Ke in kin yi kuskure, ba ke za a cire ba, su za a cire. Goma a rana ɗaya. Na taɓa gani."

Daga baya Saratu ta gane cewa kwalin nan kusan yarjejeniya ce tsakanin Malama Kulu da dattawan unguwa. Shugabansu kuwa Alhaji Ɗan'azumi, mai sayar da hatsi, wanda rumfarsa take daidai kwanar da kowace malama za ta bi. Yana da 'ya'ya uku a makarantar. Duk safiya yana zaune a kan buhu da carbinsa, yana amsa gaisuwa ba tare da ya ɗaga kai ba, amma ba a taɓa jin wani abu ya wuce shi ba.

Ita dai Saratu aikin ya shiga ranta. Tana fita bayan asuba da ɗan lokaci, littattafai a ka, ta bi ta cikin gonaki, raɓa tana jiƙa mata bakin zani. Sai ta sa hannu a rajista kafin bakwai da kwata, domin da lokacin ya cika Malama Kulu za ta ja layi da jar biro, duk wadda sunanta ya faɗa ƙasan layin ta san sauran. Ajinta aji uku ne, yara hamsin da wani abu a kan tabarmi da benci huɗu. Tana son ƙamshin alli. Tana son lokacin da yarinya za ta haɗa baƙi da wasali karon farko, ta ɗago kai a firgice kamar wani ne ya yi magana ta bakinta.

Sabuwar malama shekara biyu take yi a kan gwaji. In sun cika sufeton makarantu zai zo ya zauna a ajinta, shugaba ta rubuta nata rahoton, sannan a aiko da takardar tabbatar da aiki. Saratu ta yi shekara biyu saura kaɗan sunanta bai taɓa faɗawa ƙasan jan layi ba. Aka sa ranar zuwan sufeto, wata Laraba a watan Yuni.

Sai bikin Ladi ya faɗo a makon da ya gabaci wannan Larabar. Angon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, an yi masa canjin wurin aiki, danginsa suka roƙi a matso da biki don ya tafi da matarsa. Ba wanda ya yi tunanin hutun makaranta, ban da Saratu, ita kuma ba a tambaye ta ba.

Ranar Asabar aka sa amarya a lalle. Gida ya cika da mata, an fito da zunguru, an tanadi ganye da tsummokaran ɗaure ƙafa. A unguwar kaf ba mai kwaɓa lalle kamar Gwaggo Hadiza, amma da safiyar nan mai ya fallatsar mata a wurin suyar dubulan, hannunta ya tashi. Ta zauna a gefe tana ba da umarni, ana kwaɓawa tana tsaki.

"Wannan ruwa ya yi yawa. Ke, kunu aka ce ki dama? Saratu, zo nan. Ke kaɗai kika tsaya kika ga yadda nake yi."

Saratu ta ce, "Gwaggo, kin san dokarmu."

"Ni na ce ki ƙunsa? Kwaɓawa na ce. Ki kwaɓa ki wanke hannunki."

Saratu ta shiga ɗaki ta fito da cokali. Aka kwashe da dariya, har da masu guɗa.

"Jama'a ku zo ku ga boko! Lalle da cokali!"

"Bari a ɗauko mata faranti da wuƙa ta yanka."

"Malama, a rubuce za ki kwaɓa ko da ka?"

Ladi tana lulluɓe a tsakiyar ƙawayenta. Ta ɗaga mayafin kaɗan, idonta ya yi ja da kukan amare, ta ce a hankali, "Yaya, da Inna na nan da hannunta za ta yi mini."

Saratu ta ajiye cokalin.

Ta ce a ranta minti biyar ne. Amma lallen na Rano ne, sabon daka, Gwaggo kuma ta sa an matsa masa lemon tsami. Da ta kwaɓa sai aka ce ai ita ta san kaurinsa, ta shafa wa amarya. Da ta gama da amarya sai babbar ƙawa ta miƙo ƙafa, ta bayanta ma ta miƙo. Ana waƙa, ana tsiya, Saratu tana dariya irin wadda ta yi shekara biyu ba ta yi ba, dariyar da ta wuce aji na gaba ta kai har zaure. Sai da aka kira la'asar ta tashi ta je bakin randa.

Ta wanke. Ta sake wankewa. Hannun ya fito ruwan goro tun daga yatsu har wuyan hannu. Kafin magariba ya nuna, ya koma ja sosai, farcen nan kamar an tsoma su a manja.

Ranar Lahadi mutane suna hidimar ɗaurin aure da kai amarya, ita tana bayan ɗaki da sabulun salo. Ta gwada toka. Ta gwada kananzir. Ta goga da dutsen goge kaushi har fatar ta fara zafi. Gwaggo Hadiza ta same ta a nan, ta tsaya tana kallo.

"Bar shi haka, 'yar nan, za ki ji ciwo. Wannan ba zai fita ba sai ya ga dama. Na farce kuwa sai farcen ya tsiro." Sannan ta ce, "Ni na ja miki."

Litinin da safe an kwana ana ruwa. Saratu ta naɗe hannun a cikin gyale, ta riƙe littattafai da hagu. A kwanar rumfar hatsi ta rusuna ta gaida Alhaji Ɗan'azumi. Ya amsa kamar kullum. Amma ta ji carbin ya tsaya da ƙara.

Rajista ba a sa mata hannu da hagu, Malama Kulu ta san rubutun kowa. Saratu ta tsaya a gaban tebur har na bayanta suka fara leƙe. Sannan ta fito da hannun ta ɗauki biro.

Malama Kulu ta dubi hannun. Ba ta dubi fuskar Saratu ba. Ta jira sauran suka sa hannu suka fita, ta ja jan layinta da rula, ta rufe rajistar.

"Bikin wa?"

"Ƙanwata, Malama. Ban ƙunsa ba, kwaɓawa na yi, na ɗauka..."

"Ban tambaye ki abin da kika ɗauka ba. Jibi sufeto zai zo, kuma Alhaji Ɗan'azumi zai rako shi, kin sani?"

"Na sani."

"Akwai sauran garin lallen?"

"Akwai."

"Gobe ki zo da shi. Duka. Je ki ajinki."

Wannan ranar Saratu ba ta san abin da ta koyar ba. Yara suna bin hannun da ido duk inda ya yi a kan allo, suna taɓa juna. Ta san dalilin da aka ce ta kawo garin. Za a ajiye shi a kan tebur gaban sufeto a matsayin shaida, a rubuta takarda, takardar ta bi ta gonakin nan har zauren Malam Isyaku. Da aka tashi ta tsaya ita kaɗai a ajin, ta goge allon a hankali, ta tattara guntayen alli ta jera su a gwangwaninsu. Ta leƙa ƙasan taga inda Zahra'u, ƙaramar 'yar Alhaji Ɗan'azumi, take zama. Yarinyar nan makon jiya ta fara karanta jimla sukutum ba tare da ta tsaya ba. Saratu ta yi tunanin wa zai ji jimlarta ta biyu.

A gida ba ta yarda ta haɗu da mahaifinta ba. Ta sa Gwaggo ta kai masa tuwo.

Talata ta zo da garin a ƙullin leda cikin kwando. Malama Kulu ta karɓa ta ajiye. Da aka fita hutun tara sai ta sa aka kaɗa ƙararrawa, ta tara 'yan matan duka a baranda, ta ce kowa ta zauna ta miƙe ƙafa.

Damina ce, yawancin yaran ba takalmi, wasu daga Darmanawa suke takowa ta cikin taɓo, wasu daga Daurawa. Malama Kulu ta bi layi tana sunkuyawa, tana buɗa yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Cin ruwa ya kama da yawa, tsakanin yatsun ya yi fari ya tsage, wasu har da jini. Ta ware yara goma sha bakwai. Zahra'u tana ciki, nata ma ya fi na kowa.

"Malama Saratu, ɗauko kwano da ruwa."

Saratu ta kawo. Malama Kulu ta zazzage garin a kwano, ta naɗe hannun rigarta. Sauran malamai mata uku suna tsaye a bakin ajujuwansu. Ba wadda ta taɓa ganin ko ɗigon lalle a jikin matar nan, ko da salla. Suna kallo ta tsoma hannun dama a cikin kwanon har wuyan hannu ta fara kwaɓawa.

"Tsayuwa kika zo yi? Sa hannu. Ke kika san kaurinsa."

Suka durƙusa su biyu a kan siminti. A wanke ƙafa, a tsane, a cusa lalle a tsakanin yatsu, a naɗe da tsumma. Haka kakanni suke yi wa cin ruwa tun kafin a san kemis. Yaran suna ƙyalƙyala dariya saboda sanyin lallen, Malama Kulu tana cewa, "Ke, tsaya, ba rawa aka ce ki yi ba." Ba ta yi sauri ba. Da suka gama ma ba ta tashi ta wanke hannu nan da nan ba, sai da ta zauna ta rubuta sunayen yaran goma sha bakwai da hagu, a hankali, lallen yana bushewa a damanta.

Laraba sufeto ya iso a kan babur, wani mai gilashi ana ce masa Malam Zakariyya. Alhaji Ɗan'azumi ya biyo shi a ƙafa da lema. Suka zauna a bayan ajin Saratu a kan kujeru biyu da aka ɗauko daga ofis, Malama Kulu tana tsaye a bakin ƙofa, hannuwanta a cikin mayafi.

Saratu ta yi bisimilla a ranta ta ɗauki alli. Ba inda za a ɓoye hannu a gaban baƙin allo. Ta koyar da darasinta har ƙarshe, ta kira yara suka karanta, Zahra'u ta karanta jimla biyu. Sufeto yana rubutu. Da aka sallami yara suka fita tara, sai Alhaji Ɗan'azumi ya yi gyaran murya.

"Malama Kulu, ni ba boko na sani ba, ban san ko darasi ya yi ko bai yi ba. Amma akwai maganar da muka yi da ke shekarun baya, har kika rubuta a kwali. Ko an goge ne ba a gaya mana ba?"

"Ba a goge ba, Alhaji."

"To wannan fa?" Bai nuna da yatsa ba, haɓa ya ɗaga.

Malama Kulu ta fito da hannunta na dama daga mayafi, ta ɗora shi a kan teburin malama kusa da na Saratu. Ja biyu, ba zane, ba ado, kamar na masu rini.

"Jiya ni da ita muka kwaɓa lalle, muka sa wa yara goma sha bakwai masu cin ruwa. Ga sunayensu."

Sufeto ya karɓi takardar ya gyara gilashi. Alhaji bai karɓa ba. Ya ja carbi ɗaya, biyu.

"Jiya," in ji shi. "Ikon Allah. Ni kuwa tun shekaranjiya na ga kamar ana tafiya da hannu a naɗe. Kuma na ji an yi biki a gidan Isyaku magini."

Saratu ta buɗe baki, Malama Kulu ta riga ta.

"Alhaji, abin da na yi da hannuna shi na gaya maka. In ka tambaye ni wani abu, shi ma zan gaya maka."

Ana jin ɗigar ruwa daga kwanon rufi. Tambaya ɗaya ce ta rage, kowa a ɗakin ya san ta, kuma kowa ya san Malama Kulu ba za ta yi ƙarya ba in aka yi ta. Alhaji Ɗan'azumi ya juya ya dubi waje. A baranda Zahra'u tana tsalle da ƙafa ɗaya a wasan 'yar gala-gala, yatsunta jajaye. Kwana nawa yarinyar nan tana hana uwarta barci da kukan ƙaiƙayi, shi ya sani.

Ya juyo. Sannan ya ce, "Wannan abin na ƙafa, jiya kaɗai aka yi shi, ko yi ake?"

"Kowace Talata," in ji Malama Kulu.

"Wa zai riƙa yi?"

"Malama Saratu. Hannunta ya riga ya saba."

Alhaji ya miƙe ya ɗauki lemarsa. "To ai shi ke nan. Magani daban, kwalliya daban. Zan riƙa duba ƙafar 'yar tawa duk Talata." Ya dubi Saratu karo na farko tun da ta fara wucewa ta gaban rumfarsa. "A gaida Malam Isyaku. A ce ina taya shi murnar biki."

Bayan sun tafi Saratu ta bi Malama Kulu ofis. Ta durƙusa za ta yi godiya, kuka ya riga maganar fita.

"Tashi, malama ba ta kuka a makaranta. Wannan ma na manta ban rubuta ba." Malama Kulu ta zauna tana duban jan hannunta kamar na wata. "Kada ki gode mini, ban yafe miki ba. Na faɗi magana a gaban maza, na ce kowace Talata. Ba za ki bar ni da ƙarya a baki ba. Hannun dama kin jawo wa kanki. Hagu kuwa doka tana nan."

Bayan wata biyu takarda ta zo. Saratu ta kai wa mahaifinta a zaure, ta miƙa da hannu biyu, don ta gaji da ɓoyo. Ya sa ta karanta sau biyu kamar wancan karon. An tabbatar da ita a aiki. Ya ninke takardar, ya dubi hannun.

"Gwaggonki ta gaya mini tun ranar ɗaurin aure," in ji shi. "Na ce ba zan tambaye ki ba, zan zauna in jira takarda. To wannan ce ta zo." Ya miƙa mata. "Adana ta inda gara ba za ta ci ba."

Shekara talatin da uku ta ƙara tana koyarwa, kuma ba Talatar makaranta da ta wuce ba ta kwaɓa ba. Da damina cin ruwa, da rani faso. Da ta yi aure, cikin hutu kamar yadda kwali ya ce, masu ƙunshi suka yi ta tsiya wai amarya ta rage musu rabin aiki. Mijinta, Malam Junaid tela, shi ya dasa mata bishiyar lallen nan a tsakar gida don ta huta da aike Rano. Ta haifi biyar, ta binne ɗaya. Malama Kulu ta yi ritaya, ta koma wurin ɗan'uwanta a Daurawa, Saratu tana kai mata ziyara duk salla, kuma kafin su gama gaisawa sai tsohuwar ta kama hannun ta juya shi ta duba. A can ta rasu. Kwalin kuwa ba wanda ya san ranar da aka cire shi. An yi wa ofishin fenti wata shekara, ba a mayar ba.

Gonakin nan duk sun zama gidaje da shaguna. Inda rumfar hatsi take yanzu ana cajin waya. In Malama Saratu ta je asibiti ko gidan biki, sai wata mata mai jikoki ta tsaya ta kama hannun nan da hannu biyu, ta ce, "Malama, ba ki gane ni ba? Kin wanke mini ƙafa." Ba ta cika gane su ba. Fuskoki sun canza, ita kuma ƙafafun ta fi sani.

Jikarta Sadiya ta fara koyarwa bana a wata makarantar kuɗi a Darmanawa. Adaidaita sahu take hawa, hannuwanta biyu da zanen baƙin lalle har gwiwar hannu. Wata Talata da yamma ta biyo ta gidan, ta zube a tabarma tana mita, wai mai makarantar ya hana su taɓa waya a aji.

"Wallahi Hajiya takurar ta yi yawa. Ku a zamaninku ma aka ce ko gyaɗa ba kwa ci a hanya. Ai wannan zalunci ne. Yaya kuka yi kuka zauna?"

Malama Saratu tana zaune a gindin bishiyar da ɗan ƙaramin kwano a gabanta. Ta ɗiga ruwa a garin, ta sa yatsu.

"Dokokin sun yi yawa," ta ce. "Wadda ta rubuta su ma ta faɗa."

"To me ya sa kuka bi?"

"Ke su wa kike koyarwa?"

"'Yan aji uku. Mata sun fi yawa ma, sun kai talatin."

"Wa ya je ya roƙo su?"

Sadiya ta yi dariya. "Roƙo kuma? Iyayensu ne ke layi suna biya."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ci gaba da kwaɓawa. Sadiya ta leƙa kwanon.

"Wai Hajiya wa za ki sa wa wannan? Yaran yanzu kowa da takalminsa, in ƙafa ta yi ciwo a je kemis. Kin bar aiki shekara goma sha. Kullum Talata sai kin ɓata hannu a banza."

Malama Saratu ta ɗaga lallen ta sake shi ya zubo daga yatsunta, ta ga kaurin ya yi.

"Ta ce kowace Talata," in ji ta. "Har ta tafi ba ta ce in daina ba. Miƙo ƙafarki in gani."